Tsoron ciwon daji ya hana ni sakat, dan Allah ku bani shawara

Maman Amira

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina son rubuta wannan abun amma kunya take hana ni, saboda duk wanda na faɗa wa a gida sai yace min rashin tawakkali ne, ni kuma wlh ba haka bane, ina sallah ina azkar ina komai amma abun yaƙi barina.

Shekarata 31, yarana uku. Ƙanwar mamana ta rasu shekara biyu da suka wuce da sankarar mama, kuma ni nayi jinyarta wata bakwai, ni nake wanke mata ciwon ni nake canza mata zani ni nake kwana da ita a asibiti. Ta ɓoye abun kusan shekara guda ana ta shafa mata magani a gida wai daji baya son ƙarfe baya son allura, sai da ya fashe sannan aka kaita asibiti, lokacin likitoci sukace ya riga ya bazu. Har yau in na rufe ido ina ganin ciwon nan, warin ma kamar yana hancina.

Toh tun bayan arba'in ɗinta na fara taɓa nonona. Da farko in zanyi wanka ne kawai, yanzu kuwa a rana zan duba yafi sau goma sha biyar, a banɗaki, a kicin, in ina kwance, kai har a cikin sallah tunanin yake zuwa min sai in ƙagu in sallame in duba. Wajen har yayi tsami saboda matsa, da naji zafin kuma sai ince shikenan gashi nan ya fara. Cikin wata takwas nayi sikanin sau uku, likitoci biyu daban daban, mace da namiji, duk sunce ba komai. In na fito daga asibitin sai inji kamar an sauke min dutse daga ka, in ci abinci in yi dariya da yara, amma baya wuce kwana huɗu ko biyar sai zuciyata tace ai ƙila basu duba da kyau ba, ko na'urar ce bata gani sosai.

Kuma abun baya tsayawa waje ɗaya. Watan jiya maƙogwaro ne, inji kamar wani abu ya tokare in zan haɗiyi miyau. Kafin nan kaluluwa ce a hammata. Yanzu kuma ciki. Ƙarfe biyun dare ina Google ina karanta alamomi kuma duk wadda na karanta sai inga ina da ita. Na rame siket ɗina duk sun min yawa, aka ce rama ma alama ce. Na daina cin magi, na daina ajiye waya kusa da ƙirjina. In na kalli autata sai hawaye ya zubo min ina tunanin wa zai riƙe min su.

Maigidana mutumin kirki ne amma ya gaji, shekaranjiya yace min ke kullum asibiti kullum asibiti an ce miki lafiyarki ƙalau me kike so a gano. Naji zafin maganar amma nasan gaskiyarsa ce.

Tambayata ita ce akwai wanda ya taɓa shiga irin wannan halin ya fita? Kuma wata ƙawata tace inje ayi min hoton CT na duk jiki gaba ɗaya in huta, kuna ganin inyi? Na fara tara kuɗin ma daga adashi.

Hajiya Babba

Wa'alaikumussalam 'yata. Allah ya jiƙan innarki ya sa jinyar da tasha ta zama kaffara, ke kuma Allah ya baki ladan hidimar da kika mata, ba kowa ke iya wanke ciwo wata bakwai ba.

Kar ki yarda da masu ce miki ba ki da imani. Wanda maciji ya sara in yaga tsumma sai ya gudu, ke kuwa kin ga abun da idonki kina yarinya. Ki lizimci Allahumma inni a'uzu bika minal hammi wal hazan safe da yamma, Manzon Allah SAW da kansa yana neman tsari daga damuwa da baƙin ciki, kinga kenan abu ne da ke samun mutanen kirki. Amma ki haɗa da neman magani, akwai ma'aikatan lafiya a nan zasu miki bayani. Kuma ki samu mamanki ku zauna ku yi maganar marigayiyar ku yi kukanku tare, ina zargin ba ki samu kin yi kukan rashinta yadda ya kamata ba, hidima ta ɗauke miki hankali.

Nas Mai Aikin Dare

Maman Amira sannu, na karanta rubutunki sau biyu. Ni nas ce, shekarata goma sha uku ina aiki kuma na jima a ɓangaren mata, irinki nake gani kusan duk sati, wasu ma har mun san fuskarsu. Ba zan iya duba ki ta waya ba, amma abun da kika kwatanta ciwo ne sananne mai zaman kansa, ciwon fargabar rashin lafiya, kuma ana warkewa. Wato kina da abun da ke damunki da gaske, sai dai ba a nono yake ba, shi yasa sikanin uku bai gano shi ba kuma na huɗu ma ba zai gano ba.

Bari in fara da CT ɗin. Dan Allah kar kiyi, ki bar kuɗin adashinki. Na farko hoton CT yana amfani da irin hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi dashi ne amma mai yawa sosai, ba abu bane da ake yiwa lafiyayyen mutum haka kawai sai in likita yaga dalili. Na biyu jikin ɗan Adam cike yake da ƙananan abubuwa marasa illa, ɗan ƙullutun ruwa a ƙoda, ɗan tabo a hanta ko huhu, mutum ya rayu dasu har tsufa bai sani ba, toh ke da kike cikin wannan halin in aka rubuta miki an ga wani ɗigo a hanta ya kike ganin daren ranar zai kasance. Na uku kuma ke da kanki kin bada amsa, kince natsuwar bata wuce kwana biyar. Na CT ɗin ma kwana biyar zai yi.

Ki lura da yadda abun yake juyawa. Tunani yazo, gabanki ya faɗi, ki taɓa ko ki shiga Google ko kije asibiti, hankalinki ya ɗan kwanta, sai ƙwaƙwalwarki ta koyi cewa lallai akwai haɗari kuma dubawar ce ta cece ki, gobe sai ta ƙara turo tunanin da ƙarfi. Kamar susar ƙaiƙayi ne, kina sosawa yana daɗi yana ƙara ruruwa. Kuma matsawar da kike tana haifar da alamun da kike tsoro, naman nono da kaluluwa in ana ta latsa su dole suyi tsami su ɗan kumbura. Kaluluwa ita aikinta kenan ta tashi in akwai ƙurji ko mura ko an aske hammata an ɗan yanke, tana sauka da kanta cikin sati biyu zuwa uku in an ƙyale ta. Abun da ya tokare miki maƙogwaro kuwa sananne ne ga masu fargaba, tsokar wajen ce take ɗaurewa, ƙwannafi ma yana kawo shi, kuma zaki ga lokacin cin abinci abincin yana wucewa lafiya lau, sai in kina haɗiyar miyau kike jinsa. Rama kuma ai wadda bata bacci bata cin abinci dole ta rame.

Akan nono, mafi yawan ƙullutun da mata ke ji ba daji bane, wajen takwas cikin goma marasa illa ne, musamman ga masu shekarunki. Ciwon nono da ke zuwa kafin al'ada ya tafi bayanta shima ba alamar sankara bane. Abun da muke cewa a zo asibiti dashi ba tare da jinkiri ba shine sabon ƙullutu da bai tafi ba bayan al'ada ta wuce, musamman mai tauri da baya motsi, ko fatar nono ta koma kamar ɓawon lemo ko ta lotsa, ko kan nono ya shige ciki alhali da ba haka yake ba, ko jini na fita ta kan nono, ko gyambon da yaƙi warkewa. Ta ƙasa kuma zubar jini bayan saduwa ko bayan mace ta daina al'ada. Na rubuta miki su ne don ki san iyakar abun, kar ki mayar dasu abun bita kullum dare.

Duba kai sau ɗaya ne a wata, kwana kaɗan bayan al'ada ta ɗauke, da tafin yatsu a shimfiɗe ba da tsinin yatsa ana mintsini ba, in kika mintsini naman nono kowace mace zata ji gudaji gudaji don haka halittarsa take. Minti biyar kin gama sai wani watan.

Wanda ya kamata ki gani yanzu likitan ƙwaƙwalwa ne ko masanin halayyar ɗan Adam. Nasan da an faɗi haka mutanenmu sai suce an ce musu mahaukata, wlh yawancin masu zuwa wajen nan mutane ne irina irinki, malaman makaranta, 'yan kasuwa, matan aure masu goyo. Manyan asibitocin koyarwa kamar na Malam Aminu Kano da na Shika a Zariya suna da sashen, akwai kuma asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa Kaduna da Kware a Sakkwato da Maiduguri. Wace jiha kike?

Ɗan Kwari

Yaya sannu da ƙoƙari. Ni namiji ne amma abun da kika rubuta kamar labarina kika ɗauko. Maƙocin shagona abokina tun muna yara, ciwon dajin hanta ya kashe shi yana da shekara 38, daga fara kumburin ciki zuwa rasuwarsa ko wata huɗu ba'a yi ba, ni na riƙe shi a mota ranar da muka kaishi asibiti na ƙarshe. Bayan nan na shekara ɗaya da rabi bana cikin hayyacina. Kullum da safe sai na ja fatar idona a madubi ina duba ko yayi ɗorawa, ina latsa gefen cikina na dama har wajen yayi ciwo, in nayi fitsari sai na tsaya kallon kalarsa. Ana ciniki kwastoma na min magana ni hankalina na cikin cikina, sau biyu ina bada canji fiye da kuɗin da aka bani. Gwajin hanta kuwa nayi yafi sau shida a leb daban daban don bana yarda da na waje ɗaya.

Abu biyu ne suka taimake ni. Na farko wani likita da ya zauna dani ya min bayani cewa abokina ciwon hanta nau'in B ne dashi tun yana yaro bai sani ba, shine ya cinye hantar a hankali, kuma shine babban sanadin dajin hanta a ƙasashenmu. Aka gwada ni bani dashi, aka min rigakafi allura uku cikin wata shida, matata ma aka mata. Yace min kuma in guji gyaɗa da masarar da suka yi hunhuna don akwai guba a ciki mai lahanta hanta, in kuma bar shisha da nake ɗan taɓawa da abokai. Yace wannan shine rabonka na aikin ka gama shi, saura ba a leb yake ba. Ya rubuta min takarda zuwa wajen likitan ƙwaƙwalwa. Sai da takardar tayi wata biyu a aljihun motata kafin naje, saboda girman kai.

Na biyun shine can ɗin. Ba wani abun tsoro, hira ce ake yi duk bayan sati biyu, sai a baka aikin gida. Nawa aikin na farko shine in rubuta a takarda sau nawa nake dubawa a rana, na ƙirga ya kai 22. Aka ce in rage zuwa goma, sannan biyar, sannan ɗaya, kuma in tunanin yazo kar inyi faɗa dashi kar kuma in duba, in ce masa naji, in cigaba da abun da nake, in jira minti ashirin. Yaya ba zan ɓoye miki ba satin farko azaba ne, zufa nake haɗawa a shago hannuna na rawa kamar in ban latsa cikin nan ba mutuwa zanyi. Amma abun mamaki fargabar tana hawa ta kai ƙololuwa sannan ta sauko da kanta ko baka yi komai ba, ni ban taɓa sanin haka ba don ban taɓa barinta ta kai ƙarshe ba, kullum ina katse ta da dubawa.

An kuma hana ni tambayar matata, don na mayar da ita likita, kullum kalli idona ya canza? Aka koya mata ta ce min mun yi alƙawari ba zan amsa wannan ba. Haushi nake ji lokacin sosai amma ya yi aiki. Google kuwa cire shi nayi daga fuskar wayar kuma wayar a falo take kwana. Guruf guruf ɗin WhatsApp da ake turo hotunan marasa lafiya ana neman taimako, in zan taimaka ina tura abun da Allah ya hore ba tare da na buɗe bidiyon ba.

An bani magani ma, ƙwaya ɗaya kullum da safe, na sha kusan shekara sannan likitan ya rage min a hankali har na daina. Kwanakin farko ya ɗan sa ni tashin zuciya kuma sai da yayi wajen wata guda kafin naji canji, so in an baki kar ki yar a sati ɗaya kice baya aiki. Kar kuma kije kemis ki sayi maganin bacci da kanki, wani yaron shagonmu haka ya fara da diyazafam yanzu baya iya bacci sai da shi.

Yau shekara uku kenan. Ba zance miki tunanin baya zuwa ba, in naji an ce wane ya rasu da kansa gabana yana faɗuwa, amma kafin la'asar na manta.

Ummu Sudais

Ni dai shawarata ki nemi malami ya miki ruƙiyya don wannan waswasin shaiɗan ne ko shafar aljanu, kuma akwai masu maganin Musulunci da ke haɗa garin rigakafin daji da habbatussauda da zuma, ki dinga sha kullum hankalinki zai kwanta. Magungunan asibitin ƙwaƙwalwa ɗin nan in mutum ya fara baya dainawa.

Mai Sabon Numfashi

Ummu Sudais kiyi haƙuri 'yar uwa amma sai na miki magana, don ni abun ya same ni da gaske ba labari naji ba. Ruƙiyya da addu'a ba wanda ya hana, ni kaina da Alƙur'ani na samu ƙarfin shiga ɗakin tiyata, zuma da habba ma ina sha. Amma babu wani gari da aka tabbatar yana rigakafin daji, kuma irin wannan maganar ce ta sa innar baiwar Allahn nan ta zauna a gida shekara guda. Sannan ga Ɗan Kwari a sama ya faɗa miki ya sha maganin ya daina.

Maman Amira ni shekarata 44. Shekara shida da suka wuce naji ƙullutu a nonon hagu ina wanka, kamar ƙwallon dabino, baya ciwo ko kaɗan. Cikin sati naje asibiti, aka yi hoto aka ɗebi naman da allura aka kai gwaji, dangin mijina har gida suka zo suna cewa kar in bari a taɓa shi da ƙarfe zai fusata. Na bari aka taɓa. Aka min aiki, nayi kemo, wato allurar maganin daji, zagaye shida gashina ya zube tas, aka gasa wajen da hasken na'ura, na sha ƙwaya shekara biyar. Ga ni yau ina miki rubutu, bara na aurar da 'yata ta fari ni na yi mata jere da hannuna.

Dalilin da yasa nake faɗa miki shine ke fuska ɗaya kawai kika sani ta ciwon nan, fuskar wadda aka kai asibiti a makare. Mu da muka warke ba'a sanmu ba saboda muna ɓoyewa, a unguwarmu mutum nawa ne suka san an min aiki, muna zuwa biki muna zuwa suna da ɗankwalinmu ba wanda ya sani. Wadanda ake gani ana yaɗa hotonsu sune wadanda abun ya ci ƙarfinsu, shi yasa kowa yake ganin daji hukuncin kisa ne. Ke kuwa ko da Allah ya ƙaddara wani abu nan gaba, Allah ya kiyaye, ba zaki taɓa zama irin innarki ba don ke ba mai ɓoyewa bace.

Kuma zan faɗa miki wani abu da ban cika faɗa ba. Bayan na gama magani nima na shiga irin halinki, duk ciwon kai sai ince ya dawo ya hau ƙwaƙwalwa. Wlh watannin nan sun fi min watannin kemo wahala, don lokacin kemo nasan da me nake yaƙi. Saboda haka ban raina abun da kike ji ba ko kaɗan. Likitana ne ya sa min doka, duk abun da naji in rubuta a littafi da kwanan wata in bashi sati biyu, in yana nan ko yana ƙaruwa in zo, in ya tafi in soke shi, banda jini ko sabon ƙullutu su kam ba jira. Littafin nan yana nan, kusan duk layukan a soke suke.

Ummu Sudais

Allah ya ƙara miki lafiya Anti, ban san haka abun yake ba. Allah ya yafe mana.

Maman Amira

Wlh ina karantawa ina kuka. Na gode Hajiya, na gode Anti Mai Sabon Numfashi, ban taɓa magana da wadda ta warke ba a rayuwata sai yau. Malam Ɗan Kwari maganar tambayar matarka ta taɓa ni don nima haka nake yiwa maigidana, har tashinsa nake cikin dare ya taɓa yaji.

Anti nas a Kano nake. Amma akwai abu ɗaya da yake cina ban rubuta ba, ance abun gado ne, tunda ƙanwar mamana ce uwa ɗaya uba ɗaya ai nima yana jinina ko? Kuma maganar magi da waya da saka kuɗi a rigar mama fa?

Nas Mai Aikin Dare

Zan amsa miki wannan sau ɗaya, in kika sake tambaya gobe ba zan amsa ba, ba don wulaƙanci ba kin dai ji abun da Ɗan Kwari yace.

Sankarar mama da ake gada kaɗan ce, wajen kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari, sauran duk ba gado bane. Inda likitoci suke ɗaga gira shine in mutane da yawa ne a dangi ɗaya, uwa da 'ya ko 'yan uwa biyu uku, ko ya kama mace tana ƙasa da shekara 40 zuwa 50, ko nono biyu, ko akwai dajin ƙwan mace a dangin, ko namiji ya yi na nono. Inna guda ɗaya tana ɗan ƙara yiwuwar abun kaɗan amma ba ta mayar dake wadda aka yankewa hukunci ba. Ki tambayi mamanki shekarun marigayiyar lokacin da abun ya fara da kuma ko akwai wata a dangi, ki kaiwa likita guda ɗaya wannan bayanin, guda ɗaya nace ba ki dinga canzawa ba, shi zai tsara miki yaushe zaki dinga zuwa a duba ki da kuma yaushe zaki fara hoton nono da ake kira mamogiram, yawanci daga shekara 40 ake farawa sai in tarihin dangi yasa a matso dashi. Kuma shayarwar da kika yi wa yara uku tana cikin abubuwan da ke rage haɗarin.

Waya da kuɗi a rigar mama da magi, babu hujjar cewa suna kawo sankarar mama. Magi dai gishiri ne yayi yawa a ciki a rage saboda hawan jini. Abubuwan da aka tabbatar suna da hannu a cututtukan daji sune taba da shisha da giya da ƙiba mai yawa da rashin motsa jiki da wasu ƙwayoyin cuta kamar na ciwon hanta da HPV mai kawo dajin bakin mahaifa.

In kina son ki yi wani abu mai amfani da wannan kuzarin naki ga guda biyu. Kin wuce 30 ya kamata ki yi gwajin bakin mahaifa in baki taɓa yi ba, dajin bakin mahaifa shine na biyu wajen kama mata a Najeriya bayan na mama kuma shi ana gano shi tun kafin ya zama daji a magance, in sakamako yayi kyau sai bayan shekaru ake maimaitawa ba duk wata ba. Sannan tun watan Oktoba 2023 aka fara yiwa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafin HPV kyauta a ƙasar nan, allura ɗaya ce, ki tambaya a asibitin sha ka tafi na unguwarku in Amira ta kai.

Ki je da maigidanki ranar ganin likitan ƙwaƙwalwar in zai yiwu, yaji daga bakin likita cewa ba shagwaɓa kike ba, shima a koya masa yadda zai dinga amsa miki. In kuma kin taɓa jin rayuwar ta ishe ki har kina tunanin cutar da kanki, wannan kar ki jira ranar kilinik ki faɗa wa wani a gida ku tafi asibiti a ranar.

Maman Amira

Salam, na dawo in faɗa muku inda aka kwana bayan kwana tara. Na nuna wa maigidana duk abun da kuka rubuta, ya karanta yayi shiru can yace min kiyi haƙuri ban san haka kike ji ba. Shi ya kaini asibiti ranar Talata, an buɗe min fayil na ga likita mace, tace in dawo bayan sati biyu kuma ta haɗa ni da wadda zamu dinga zama da ita. Bata bani magani ba tukuna tace sai mun ga yadda zaman zai tafi.

Na fara ƙirgawa kamar yadda Malam Ɗan Kwari yace, ranar farko 19. Jiya 7. Shekaranjiya dai na kasa, naga sanarwar rasuwar wata a Facebook ance daji ne, na shige banɗaki na fi rabin awa kuma na shiga Google da daddare. Amma da safe na sake ɗaukar takardar. Wayar yanzu a ɗakin yara take kwana a kan caji.

Naje wajen mamana ma Hajiya, mun yi maganar marigayiya har magariba, ashe itama tun rasuwar bata iya bacci sosai bata taɓa faɗa wa kowa ba. Tace marigayiyar tana da 52 abun ya fara kuma ba wata a danginmu da ta taɓa yi.

Amira shekararta 10, ranar Alhamis zan kaita rigakafin. Anti Mai Sabon Numfashi littafin naki babba ne ko irin ƙaramin nan na aljihu, kuma kina rubuta har da abun da kike tunani ko alamar kawai?

Mai Sabon Numfashi

Ɗan littafin makaranta ne mai shafi arba'in na ɗauka a jakar ɗana. Kwanan wata, abun da naji, sai ranar da sati biyu zai cika, layi ɗaya kawai kar ki zauna kina dogon bayani. Ki bawa maigidanki ya ajiye miki a wajensa, sai ranar da zaki rubuta ko zaki soke ki karɓa.